Shaidun Ƙarƙashin Dutse

Ni Arzika, manomin albasa, gabas da Jega,
shekara sittin ina ƙetare ƙoramar nan
ban taɓa juya dutse na ga wa ke kwana a ƙasansa ba.

Sai ga Kulu, ɗiyar ƙanena, ta zo hutu daga Aliero
da takalmin roba har gwiwa,
da 'yar koma mai ƙananan idanu,
da farin tire irin na masu tallar goro.
Ta ce, "Baffa, riƙe mini bokiti, dubiya za mu."
Na ce, "Wa ke kwance?"
Ta nuna ruwa.

Muka faro daga sama, gindin giginyu uku,
inda ruwa ke tuntuɓe da tsakuwa yana dariya.
Ta kafa komarta, ta yi ta tattaka ƙasa
kamar mai kwaɓin gini,
ta juye a tire.

Ashe gari ne guda!
Ga wani siriri mai wutsiya uku,
haƙarƙarinsa na fifita ba hutu.
Ga magini, ya ɗinke yashi ya yi ɗaki,
yana jan ɗakin duk inda za shi.
Ga ɗan mazari tun bai san fiffike ba,
ga kaguwa ta ja gefe tana harara,
ga makankari ya rufe baki da asirinsa.
Kulu na ƙirga, leɓenta na motsi,
iri goma sha tara ta rubuta.

"Waɗannan," in ji ta, "masu tsantsani ne.
Ruwa ya ɗan canza, sun naɗe tabarma.
Kwalbar gwaji labarin safiyar yau take bayarwa,
su kuwa nan suka yi kaka, nan suka yi ɗari,
kuma ba a toshe musu baki."

Muka gangara.
Muka wuce mashayar shanun Jauro,
muka wuce dutsen wanki,
har gaban lambuna, inda inji ke tari yana ɗaga ruwa.
Na ce, "Nan kam duba, garau, har ƙasa kake gani."
Ba ta amsa ba. Ta tattaka, ta juye.

Jajayen tsutsotsi suna murɗa cikin laka.
Matsattsaku biyu.
Katantanwa, da yawanta bawo ne, ba mai gida.
Babu magini. Babu mai wutsiya uku.
Ta rubuta uku, ta daɗe tana gyara murfin biro.

Ni na ga abin da ta ƙi kallo:
shuɗin murfin kwalba a cikin ciyawa,
da faffaɗan dutsen da nake tsugunawa
duk ranar feshi, in ɗauraye famfo,
in bi farin kumfa da ido
yana tafiya Gulbin Zamfara kamar saƙo.
Ruwan da jikokina ke iyo.
Ruwan da nake kurkure baki in fuskanci gabas.

Ba ta yi mini wa'azi ba, ɗiyar nan.
Ta ce, "Baffa, bokitin ya yi maka nauyi?"
Na ce ya yi.

Yanzu rami na haƙa can bayan shinge,
taki ɗari daga gaɓa, nan nake wankin famfo.
Nomau maƙwabcina har yau a ruwa yake nasa,
mun yi magana sau biyu, ta ukun sai da shaidu.

Yara na cewa tsoho ya fara taɓuwa,
don duk asuba, bayan na kunna inji,
sai in duƙa in juya dutse ɗaya,
in yi sallama,
in duba ko mai wutsiya uku ya huce ya dawo.

Jiya ma laka ce ta amsa.
Na mayar da dutsen yadda na same shi,
kada ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe.